Ciwon Kwiɓi Mai Zuwa Farat Ɗaya: Tsakuwar Ƙoda

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda yakan kayar da ƙaton mutum cikin 'yan mintoci, ya sa shi birgima a ƙasa kamar ƙaramin yaro. Ciwo ne mai tasowa a kwiɓi, wato a gefen baya tsakanin haƙarƙari da ƙugu, kuma sau da yawa tsakuwa ce da ta fito daga ƙoda take jawo shi. Idan ya kama mutum da tsakar dare, ba ƙofar likita ake fara bugawa ba. Ƙofar maƙwabci ake bugawa, ko ta dattijon ikkilisiya, ko ta shugabar zumuntar mata. Abin da waɗannan mutane suka shawarta a sa'ar farko shi ne yakan sa a kai marar lafiya asibiti a kan kari ko a makara. Shi ya sa muka ga ya wajaba mu san wannan ciwo da kyau. Abu ɗaya muke so ku riƙe tun daga farko: yawan ihun marar lafiya ba shi yake nuna girman haɗarin da yake ciki ba. Akwai wanda zai cika gida da kururuwa, gobe ka gan shi a gona. Akwai kuma wanda ciwonsa ya lafa, yana kwance shiru da zazzaɓi, alhali kuwa ransa ne yake kan siraɗi.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga masu karanta tarihin ikkilisiya. A watan Fabrairu na shekarar 1537 Martin Luta ya je taro a garin Shimalkalden a ƙasar Jamus, tsakuwa ta kama shi a can. Fitsari ya tsaya masa cak har wajen mako guda, jikinsa ya kumbura, shi da abokansa duk suka ɗauka mutuwa ce ta zo. Aka ɗora shi a keken doki za a mai da shi gida. Da suka isa wani ƙauye mai suna Tambak, bayan jijjigar hanya, sai fitsari ya ɓalle, daga baya kuma tsakuwoyi suka fita. Ya ƙara shekara 9 a duniya bayan wannan. Ya tsallake rijiya da baya ne, domin tsayawar fitsari irin wannan tana kisa, kuma a yau ba wanda za a bari ya kwana ɗaya a haka ba a kai shi asibiti ba.

To, bari mu duba yadda jiki yake a wannan wuri. Kowane mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, can baya a ƙarƙashin haƙarƙari. Siffarsu kamar ƙwayar wake, tsawon kowace kamar santimita 11. Aikinsu tace jini. A kwana ɗaya sukan tace ruwa kimanin lita 180, wato kusan cikin duro guda, amma su mai da kusan dukansa cikin jini, abin da ya rage ya zama fitsari, kamar lita ɗaya da rabi. Daga kowace ƙoda akwai wani siririn bututu da yake sauko da fitsari zuwa mafitsara. Tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, amma fāɗin cikinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kaurin tsinken ashana biyu ke nan. A wannan bututu matsalar take.

Fitsari yana ɗauke da gishiri iri iri a narke. Duk wanda ya taɓa barin ruwan gishiri a kwano a rana ya san abin da yake biyo baya: ruwa ya ƙafe, gishiri ya daskare a gindin kwano. Haka yake faruwa cikin ƙoda idan ruwa ya yi kaɗan, gishiri ya yi yawa. Ƙananan ƙwayoyi sukan daskare, su manne da juna, sannu a hankali su zama tsakuwa. Wajen takwas cikin goma na waɗannan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam ne, galibi haɗe da wani sinadari da ake kira okzalet. Akwai na yurik asid, wanda ya fi samun masu ƙiba da masu ciwon suga. Akwai kuma wadda ƙwayoyin cuta suke haddasawa ga mai yawan fama da ciwon sanyin mafitsara, ita ce takan girma har ta cika cikin ƙoda tana rassa kamar ƙahon barewa.

Zafin rana yana da hannu a ciki sosai. A Maiduguri da Sakkwato da Damagaram zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Manomi da mai tura baro da ɗan acaɓa da matar da take tuya a bakin murhu duk suna zubar da ruwan jikinsu ta gumi, abin da yake kaiwa ƙoda kaɗan ne, fitsari ya fito ja kamar shayi. Maza sun fi mata kamuwa, kuma ciwon yana bin gida: wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi, shi ma ya yi hattara.

Abin mamaki shi ne, tsakuwa tana iya zama cikin ƙoda shekara da shekaru mai ita bai sani ba. Sai ranar da ta motsa ta faɗa cikin bututun nan ta toshe shi. Mutane sukan zaci kaifin tsakuwar ne yake yankan nama, shi ya kawo zafin. Ainihin abin da yake faruwa kuwa, ƙoda tana ci gaba da yin fitsari, fitsarin bai sami hanya ba, sai ya taru ya kumbura bututu da ƙodar, bututun kuma yana ta matsawa da ƙarfi don ya tura abin da ya tokare shi. Shi ya sa tsakuwar da ba ta fi ƙwayar gero ba takan sa mutum kuka, babba kuwa da take zaune cikin ƙoda ba ta toshe kome ba, ba ta cika yin zafi ba.

Ga yadda ake gane shi. Yakan zo farat ɗaya, a gefe ɗaya. Yana farawa a kwiɓi, ya zagayo ta gefen ciki ya gangara mara da matsematsi, ga namiji har zuwa maraina, ga mace har zuwa gaba. Yana tasowa ya yi tsanani, minti 20 ko har sa'a guda, ya ɗan lafa, ya sāke tasowa. Akwai tashin zuciya da amai da gumi. Idan tsakuwar ta kusa shiga mafitsara mutum yakan ji fitsari kowane lokaci, ya je ya ɗiga kaɗan ya dawo. Wani lokaci akan ga jini a fitsari da ido, amma galibi sai a gwaji ake ganinsa. Babbar alamar da ko wanda bai yi karatun likita ba zai iya lura da ita ita ce wannan: mai tsakuwa ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya tashi, ya zauna, ya durƙusa, ya kwanta, ya mirgina, ba inda yake samun sauƙi. Matan da suka haihu kuma suka yi wannan ciwo, da yawansu sukan ce da naƙuda kaɗai za a gwada shi.

Amma fa ba kowane ciwon kwiɓi ne tsakuwa ba, kuma a nan ake yin kuskure mai tsada. Idan marar lafiya ya kwanta ɗif ba ya son ko a taɓa gadonsa, cikinsa ya yi tauri kamar katako, wannan wani abu ne dabam. Yana iya zama afendis ne ya fashe, ko hanji ne ya huje, musamman ga wanda ya yi mako ɗaya ko biyu yana zazzaɓin taifod. Idan mace ce wadda al'adarta ta yi jinkiri, sai ga ciwo a gefe ɗaya na mara, ga jiri, ga tafin hannu ya yi fari, to, a ɗauka ciki ne ya zauna a wajen mahaifa har sai gwaji ya nuna ba haka ba ne. Irin wannan jini yake zubarwa a cikin ciki inda ido ba ya gani, yana kisa cikin sa'o'i. Domin haka idan nas ta ce za a yi wa mace gwajin ciki, ko matar aure ce ko budurwa, kada dangi su ɗauka cin mutunci ne, ƙa'idar aiki ce ga duk macen da take cikin shekarun haihuwa. Idan saurayi ne ya ce ciwon ya sauka maraina, a duba wurin, kada kunya ta hana. In ɗaya ya kumbura ya ɗage sama, mai yiwuwa murɗewa ya yi, kuma likita yana da kamar sa'a 6 ne kawai ya cece shi. Idan kuwa dattijo ne da ya haura shekara 60, bai taɓa yin tsakuwa ba, yana da hawan jini ko ya daɗe yana shan taba, ciwon ya zo tare da jiri ko suma, likitoci sukan ji tsoron babbar jijiyar jini ta cikin ciki ce ta kumbura tana shirin fashewa. Masu sikila ma ciwonsu yakan sauka a baya da kwiɓi.

Sai batun jini a fitsari. A garuruwanmu na bakin kogi da madatsun ruwa da fadamu, tsargiya ita ce ta fi kawo shi, musamman ga yara masu wanka a tafki. Jinin tsargiya yakan fito a ƙarshen fitsari, kuma ba ya zuwa da irin wannan murɗar kwiɓi. Amma tsargiyar da aka bari shekaru ba magani takan bar tabo a mafitsara da bututun ƙoda, hanya ta ƙuntata, fitsari ya riƙa tsayawa. Saboda haka wanda ya taɓa fitsarin jini yana yaro ya faɗa wa likita, ko da abin ya wuce shekara 20.

Yanzu mu zo kan alamun da suke nuna cewa ba a jiran gari ya waye. Ta farko, kuma wadda muke so kowa ya haddace, ita ce zazzaɓi. Ciwon kwiɓi tare da zafin jiki na digiri 38 ko fiye, ko makyarkyata har haƙora suna haɗuwa, yana nufin ƙwayoyin cuta sun shiga fitsarin da ya taru a bayan tsakuwar. Ƙodar ta zama kamar maruru da aka rufe bakinsa, ruɓa ba ta da mafita sai cikin jini. Mutum yana iya fita hayyacinsa cikin yini ɗaya. Haɗarin a wurinmu shi ne, duk zazzaɓin da ya zo sai mu ce na cizon sauro ne, a sayo magani a kemis, a ce a ba shi kwana uku a gani. Kwana ukun nan su ne suke cin rai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma shi kaɗai bai isa ba, domin ba ya shiga ƙodar da take toshe yadda ya kamata. Dole a buɗe wa fitsari hanya. Likita yakan zura wata siririyar roba ta mafitsara ta ratsa gefen tsakuwar har cikin ƙoda, ko ya huda baya ya sa roba kai tsaye cikin ƙodar, ruɓar ta fita. Ita tsakuwar kanta sai daga baya a koma kanta, bayan zazzaɓi ya sauka. Ɗakin shan magani na ƙauye ba shi da kayan wannan aiki, sai babban asibiti ko asibitin koyarwa. Duk wanda zai nemi mota ya san inda zai nufa.

Alama ta biyu ita ce irin ta Martin Luta, fitsari ya tsaya ko ya ragu ƙwarai. Idan tsakuwa ta toshe gefe ɗaya, ɗaya ƙodar takan riƙe aiki, fitsari ya ci gaba da fita. In ya tsaya gaba ɗaya, ko dai an toshe gefe biyu, ko kuwa dama ƙoda ɗaya ce take aiki. Haka kuma ba a jira da wanda aka san ƙodarsa ɗaya ce, ko wanda yake da tsohon ciwon ƙoda, ko mace mai ciki, ko wanda amai ya hana shi riƙe ruwa da magani, ko wanda ya sha magani zafin bai sauka ba. Mu da akan kira domin addu'a, mu yi addu'ar a cikin mota ana tafiya. Ba daidai ba ne a ajiye mai zazzaɓi da ciwon kwiɓi a majami'a ko a gidan addu'a ana jiran safiya.

A asibiti, abin da ake fara yi shi ne a kashe zafin, ba sai an jira sakamakon gwaji ba. Da yawa sukan zaci allura mai sa barci irin su mofin ita ce gaba da kome. A shekarar 2016 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Doha na ƙasar Ƙatar a kan marasa lafiya fiye da 1,600. Aka gwada allurar diklofenak da mofin da farasitamol na jijiya, aka ga diklofenak ya fi mofin saukar da zafin, kuma waɗanda aka yi wa shi ba su cika neman ƙarin allura ba. Dalili kuwa, shi wannan magani da ɗan'uwansa ibufurofen suna rage kumburi da matsin da yake cikin ƙodar, wato suna zuwa ga tushen zafin. Labari mai daɗi ne, domin magani ne mai araha da ake samu ko'ina. Amma samuwarsa ko'ina ita ce kuma damuwarmu. Bai dace da mai gyambon ciki ba, ko mai raunin ƙoda, ko mace mai ciki, ko mai shan maganin tsinka jini, ko wanda amai ya ƙafar da ruwan jikinsa. Wanda ya mai da shi abincin kullum, mako bayan mako, yana iya lalata ƙodar da yake neman ceto. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi wanda zai sha da iyakar kwanakin. Kafin a kai ga asibiti, tsumma da aka jiƙa da ruwan ɗumi ko kwalbar ruwan ɗumi a kan kwiɓi tana rage zafi, kuma ba ta da illa in ba a ƙona fata ba.

Akwai wata shawara da akan bayar da kyakkyawar niyya: a ɗura wa marar lafiya ruwa, jarka guda in zai iya, don ruwan ya tunkuɗa tsakuwar. A lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa wannan ba ya taimako. Hanya a toshe take, ƙarin ruwa ƙarin matsi ne, ga amai. Ya sha daidai ƙishirwarsa. Yawan shan ruwa yana da lokacinsa, za mu zo kansa.

Bayan an saukar da zafi sai gwaji. Akan duba fitsari don jini da alamun ƙwayoyin cuta. Rashin jini bai kore tsakuwa ba, domin ana samun masu tsakuwa da fitsarinsu bai nuna jini ba. Akan ɗibi jini a ga yadda ƙoda take aiki. Sai hoto. Hoton da ya fi kowane gano tsakuwa shi ne siti sikan, yana nuna girmanta da inda ta tsaya, kusan ba ta ɓuya masa. Amma yana da tsada, sai a manyan birane, kuma yana haska jiki da tururin da ba a so a yawaita. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna tsakuwar kalsiyam in tana da ɗan girma, ta yurik asid kuwa ba ta fitowa a cikinsa sam. Na uku shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Bai cika ganin ƙaramar tsakuwa a tsakiyar bututu ba, amma yana nuna ko ƙoda ta kumbura, wanda shi ne abin da likita ya fi son sani. A shekarar 2014 aka buga wani bincike da aka yi a asibitoci 15 na Amurka a kan mutum 2,759. Aka fara wa waɗansu da sikanin, waɗansu da siti sikan, aka tarar ba wani bambanci a yawan munanan matsalolin da suka biyo baya. Saboda haka wanda likitansa ya fara da sikanin kada ya ga kamar an rage masa hanya don ba shi da kuɗi. Ga mai ciki da ƙaramin yaro ma shi ne hoton farko a ko'ina a duniya.

Girman tsakuwar shi yake yanke abin da za a yi. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, kamar ƙwayar dawa, wajen biyu cikin uku ko fiye sukan fita da kansu. Tsakanin milimita 5 da 10 kusan rabi ne suke fita. Wadda ta wuce milimita 10, ta fi ƙwayar wake ke nan, da wuya ta fita sai an taimaka. Wadda ta riga ta gangaro kusa da mafitsara ta fi wadda take can sama saurin wucewa. Idan ba zazzaɓi, ƙoda tana aiki, zafi ya sauka, akan sallami mutum ya koma gida da magani. Wani lokaci akan ƙara masa tamsulosin, maganin da ake ba dattawa masu wahalar fitsari, domin yana sassauta ƙarshen bututun. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2015, bai ga amfaninsa ba in aka haɗa dukan marasa lafiya a ƙidaya. Binciken da suka biyo baya sun nuna ya fi taimakon wanda tsakuwarsa take tsakanin milimita 5 da 10 kuma ta sauko ƙasa. Yana sa jiri in an miƙe da sauri, a kula.

A wannan zaman jira a gida akwai tarko. Mutum yakan ji ciwo ya ɗauke, sai ya ce ya warke, ya ƙi komawa asibiti. Ɗaukewar ciwo ba ita ce shaidar fitar tsakuwa ba. Tana iya zama a inda take, ƙodar ta gaji da turawa ta yi shiru, tana lalacewa a hankali ba tare da zafi ba. Ƙodar da ta yi makonni a toshe tana iya mutuwa, mai ita bai sani ba sai bayan shekaru, ranar da ɗayar ta sami matsala. Shi ya sa likitoci ba sa barin jira ya wuce mako 4 zuwa 6. Marar lafiya ya riƙa yin fitsari a gwangwani yana tacewa da farin ƙyalle mai tsabta ko matatar shayi. In tsakuwar ta fito ya gan ta da idonsa, ya wanke ta ya ajiye ya kai wa likita, domin sanin irinta yana nuna yadda za a hana wata. In bai gan ta ba, ya koma a sāke hoto ko da yana jin garau.

Wadda ta ƙi fita, akwai hanyoyin cire ta. A shekarar 1980 likitoci a birnin Munik na Jamus suka fara farfasa tsakuwa daga wajen jiki da wata na'ura mai aika bugun sauti mai ƙarfi, ba yanka, gutsattsarin su fita da fitsari. Akwai kuma zura siririn madubi ta hanyar fitsari har inda tsakuwar take, a farfasa ta da hasken leza a kwashe. Babbar tsakuwa ta cikin ƙoda, wadda ta wuce santimita 2, akan huda ƙaramar kafa a baya a ciro ta. Inda babu waɗannan kayan aiki har yanzu ana yin tiyata ta yanka, kuma tana aiki, sai dai jinyarta ta fi tsawo. Wanda aka sa wa robar nan ta cikin bututu ya rubuta ranar da aka ce ya dawo a cire. Ba a ganinta daga waje, mutane sukan manta, in kuwa ta yi watanni fiye da ƙa'ida tsakuwa takan daskare a jikinta, cirewa ta zama babban aiki.

Masu tallar magani a tasha da kasuwa sukan ce suna da wanda yake narkar da kowace irin tsakuwa cikin kwana uku. Tsakuwar kalsiyam, wadda ita ce mafi yawa, ba ta narkewa da wani abin sha. Ƙaramar tsakuwa da ma za ta fita da kanta, in ta fita sai mai magani ya karɓi yabo. Ta yurik asid ce ake iya narkarwa, da maganin da yake rage tsamin fitsari, a ƙarƙashin kulawar likita yana aunawa. Kada wani ya ji haka ya ce zai jiƙa kanwa ya sha, domin tana ɗauke da gishiri mai yawa kuma ba wanda ya san ma'auninta. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da yake cikinsu ba, a zuba su kan ƙodar da take toshe, ganganci ne.

Wanda ya yi tsakuwa sau ɗaya, kusan rabin irinsa sukan sāke yi cikin shekara 10, in ba su canza kome ba. A nan ne ruwa yake aikinsa. A birnin Farma na Italiya likitoci sun bi mutum 199 da suka yi tsakuwa karon farko, har shekara 5, suka buga sakamakon a 1996. Waɗanda aka sa su sha ruwa har fitsarinsu ya kai lita 2 a kwana, 12 cikin 100 ne ciwon ya dawo musu. Waɗanda aka bari yadda suka saba, 27 cikin 100. Ku lura, fitsarin ake aunawa, ba ruwan da aka sha ba. Mai aiki a rana a watan Afrilu zai bukaci ya sha fiye da lita 3 kafin ya kai wannan. Ma'aunin da kowa yake da shi shi ne launin fitsari: ya zama fari-fari duk yini, in ya yi ja ruwa bai isa ba. A sha kofi guda kafin a kwanta, a matsa lemun tsami a ciki in akwai, domin yana da sinadarin da yake hana ƙwayoyin mannewa. Game da azumi na ba ci ba sha har kwana biyu ko uku da waɗansu 'yan'uwa suke yi, shawararmu ga wanda ya taɓa yin tsakuwa ita ce ya bar abinci in ya ga dama, amma ya sha ruwa.

Batun abinci kuma, akwai abin da zai ba ku mamaki. Tun da tsakuwar ta kalsiyam ce, sai mutum ya ce bari ya daina shan nono da madara. A dā likitoci ma haka suke cewa. Likitocin nan na Farma suka gwada a kan maza 120, suka buga a 2002. Cikin 60 da aka rage wa kalsiyam, 23 suka sāke yin tsakuwa. Cikin 60 da aka bar musu kalsiyam daidai, aka rage musu gishiri da nama, 12 ne kawai. Dalili shi ne kalsiyam na abinci yana kama okzalet tun a hanji su fita tare ta bayan gida, bai kai ga ƙoda ba. Saboda haka fura da nono ba laifi. Gishiri shi ne abin ragewa, domin yana jan kalsiyam zuwa cikin fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a kwana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne, a lissafa da shi. A rage yawan nama da kayan ciki da lemun kwalba mai suga. Alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi mai kauri suna da okzalet da yawa. Ba a ce a daina ba, a ci daidai, a zuba madara a shayin. Masu sayen ƙwayar bitamin C suna sha da yawa kullum ba da umarnin likita ba su sani jiki yana juya rararsa zuwa okzalet.

Wanda tsakuwa ta dawo masa sau biyu ko uku, da yaron da ya yi ta tun yana ƙarami, da mai ƙoda ɗaya, su ba ruwa da rage gishiri kaɗai za su tsaya a kai ba. Su nemi ganin likitan mafitsara a babban asibiti. Akan tara fitsarinsu na sa'a 24 a auna abin da ya yi yawa a ciki, a kuma duba kalsiyam na jini, domin akwai wata 'yar ƙaramar halitta a wuya wadda in ta yi aiki fiye da kima takan cika jini da kalsiyam, kuma idan aka cire ta da tiyata tsakuwar takan daina dawowa.